An Kira Lambata Ban Ji Ba

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Na gama tankaɗe na zauna gindin rumbu, sai saƙon murya ya shigo salulata daga Abijan. Na goge hannu a zani, na kara wayar a kunnen dama kamar kullum. Muryar maigidana ta fito, amma kamar daga ƙasan rijiya yake magana, irin rijiyoyinmu na Adar da sai an ƙulla igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Na ƙure ƙara, na sake kunnawa, na bubbuga wayar a tafin hannu.

"Ramatu, zo ki ji, salulag ga ta lalace."

Ramatu ƙanwar maigidana ce. Ta karɓa ta saurara, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Lahiyatta lau! Yaya na cewa wai ya yi mafarkinki, kina..."

Na fizge abata kafin ta ƙarasa. Amma ba kunya ce ta dame ni ba. Ramatu tana tsaye taku biyu daga inda nake, kuma ita ma daga cikin rijiyar muryarta take fitowa.

Sunana Balkisa, ƴar Barmu, shekarata ashirin da biyu. Kunnena na hagu ya mutu tun ina ƴar shekara tara, sanƙarau ya tafi da shi. Da kunne ɗaya na yi lakwal, wato boko, har na ci jarrabawar birebe, kuma na ƙware da ɓoyewa: kullum ƙarshen banci nake zama ta hagu, duniya duka ta koma damana. In an yi magana ban ji ba, sai in gyaɗa kai in yi murmushi. A gidan miji babu wanda ya sani. Shi kansa maigidan ban taɓa faɗa masa ba, na dai lura in muna tafiya sai ya zagayo ta damana bai ce komi ba. Bai yi lakwal ba, ba ya karanta saƙo. Shekara biyu yana ci-rani, aurenmu duka cikin wannan kunne ɗaya yake zaune.

Sati na farko ciwo ne a kunnen daman kamar ana soka mini tsinke. Kwana uku sai ruwa ya fara fita, mai wari. Laifina na farko ba zan ɓoye shi ba: na daɗe ina sosa kunnen da gashin kaza, don daɗin da yake yi. Inna, uwar maigidana, ta gasa albasa ta matse mini ruwanta a ciki. Maƙwabciyarmu ta ce man shanu mai ɗumi. Wata ta ce kambun baka ne, tunda ni ce mai karanta wa matan unguwa takardunsu. Duk na yi, har da hayaƙi. A ƙaramin asibitin garinmu aka ba ni maganin ɗigawa, na yi sati biyu ina ɗigawa, rijiyar sai ƙara zurfi take yi. Daga ƙarshe malamin asibitin ya rubuta mini takarda ya ce in tafi Tawa.

Na sauka wajen Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, mai sayar da dambu a bakin tasha. Ita ta iya magana da ni: sai ta kama kaina ta sa baki a kunnen ta ɗaga murya kamar mai kiran awaki.

"Kwantar da hankalinki! Ɗakin kunne na san shi, can baya yake, gindin iccen bedi. Akwai Majo Hadiza, tsohuwar ma'aikaciya, kowa ta san shi da huska. In lokacinki ya yi da kanta take hitowa ta dafa miki kafaɗa."

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin waɗanda suka kusa jawo mini asara su ne suka cece ni.

Da muka je, ɗakin gindin bedi a kulle yake da kwaɗo. An haɗa masu ciwon kunne da na ido da na haƙori a wani sabon zaure mai fanka da tayil. An daina layin karne, wato littafin asibiti, a ƙasa da dutse a kai. Yanzu taga za ka je a sa sunanka cikin ordinater, wato kwamfuta, a ba ka ƴar takarda mai lamba. A bakin ƙofa gardi ya tare Gwaggo: sabuwar doka, ƴan rakiya a waje, zauren ba ya ɗaukar kowa. Na ga Gwaggo ta buɗe baki tana nuna kunnena, na san abin da za ta faɗa gaban mutane. Na ja mata zani. Wannan shi ne laifina na biyu.

A tagar na ga wata dattijuwa da tabarau a kan hanci, tana neman haruffa da yatsa ɗaya, wani saurayi mai farar riga tsaye bayanta yana nuna mata inda za ta danna. Daga kwatancen Gwaggo na gane Majo Hadiza ce. Ba ta ɗago ba. Ta miƙo mini lamba talatin da huɗu idonta na kan gilashin na'urar.

Na zauna ina jiran wanda zai fito ya dafa ni. Can na lura lokaci-lokaci mutane suna ɗaga kai gaba ɗaya, kamar kaji sun ga shirwa, sai mutum ɗaya ya miƙe ya shiga. Sama da ƙofar akwai wani baƙin akwati. Lasifika ce. Ni abin da nake ji daga gare ta bai wuce gurnanin mota daga nesa ba. Na yi niyyar tambayar matar da ke kusa da ni, na kalle ta, na kasa. Shekara goma sha uku ina ɓoye abu, bakina bai san yadda ake faɗinsa ba.

Bayan azahar na ga likita ya fito da jakarsa ya wuce. Na koma taga, na tarar da saurayin shi kaɗai. Ya juyo mini gilashin. Gaban sunana an rubuta kalmar da na sani tun lakwal, wadda ake sa wa wadda ta yi fashi: absente.

"Ina nan tun da sahe," na ce.

Ya ba ni amsa, amma fuskarsa na kan na'ura, ban ga bakinsa ba. Mutane na bayana suna jira. Na gyaɗa kai. Ya miƙo mini wata takarda: in dawo bayan sati biyu, don likitan kunne kwana biyu kawai yake zama a mako kuma duk an cike.

Na ce wa Gwaggo layi ne bai kawo kaina ba.

Waɗannan sati biyu ba na fatan su ga maƙiyina. Gwaggo tana fita da sassafe da tukunyar dambu, sai magariba. Gidan ya rage daga ni sai inuwar katanga, kuma da ita nake gane lokacin salla, don kiran salla ya daina zuwa mini. Bazara ce, ana zafi, ina kwance kan tabarma ina kallon tantabarun maƙwabta suna tashi babu ƙarar fiffike. Wata rana kwano ya suɓuce mini ya faɗi kan siminti, na tsaya ina kallonsa yana juyawa shiru. A nan na zauna na yi kuka, kukan ma a ƙirji kawai nake jinsa.

Na yi wa maigidana saƙo, tunda baki dai yana aiki. Na faɗa masa kunnen ya yi ciwo, ina Tawa, ba na jin abin da yake turowa. Na ɗauka zai daina. Sai saƙonnin suka ci gaba da shigowa, kullum bayan la'asar, har suna ƙara tsawo. Ina ganinsu jere da juna ba a buɗe ba. Gwaggo ta ce in kawo ta saurara ta faɗa mini. Na tuna dariyar Ramatu, na ƙi. Maganarsa ce da ni. In ba zan ji ta da kunnena ba, to ta zauna a rufe. Nakan ɗora wayar a ƙirji in saƙo ya shigo, don in ji girgizarta.

Kafin ranar komawa bayan kunnen ya kumbura, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, in na taɓa ƙashin wurin sai in ga wuta.

Wannan karo na shirya dabara. Na ce zan nemi mai lambar da ke gaban tawa in zauna kusa da shi, in ya tashi na san saura ni. An ba ni goma sha tara. Na bi hannayen mutane da ido har na sami goma sha takwas a hannun wani tsoho mai baƙin rawani, dogo, siriri, da alama daga arewacin Takanamat ya fito. Na zauna gefensa. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna, ya nuna mini takardarsa, ya nuna akwatin da ke sama, ya nuna ƙirjinsa, bakinsa na motsi a ƙarƙashin rawani. Ban gane ba. Na yi abin da na saba, na gyaɗa kai. Ya jingina da bango ya saki jiki.

Muka zauna. Ina jiran ya tashi, shi bai tashi ba. Mutane suna shiga suna fita. Na ga wata mai lamba ashirin da biyar ta shiga, na ce ko ba a bin jeri ne. Tsohon yana juyowa yana kallona lokaci-lokaci, ni ma ina kallonsa. Sai da zauren ya kusa watsewa ya gyara rawaninsa don zafi, na hango auduga cushe a kunnensa. Ashe roƙona ya yi in taɓa shi in an kira lambarsa. Ya ga ƴar lakwal mai salula, ya ba ni amanar kunnensa, ni kuma na karɓa da kai.

Muka rage mu biyu a bancin, kowa da takardarsa a hannu.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

Majo Hadiza ce, ta fito da makullai za ta rufe. Ta dubi takardata, ta dubi ta tsohon, ta dubi audugar kunnensa da tawa da ke leƙowa ƙarƙashin ɗankwali. Ta tura tabaranta goshi, ta durƙusa gabana duk da shekarunta, ta juya fuskarta wajen haske yadda zan ga bakinta sosai, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Rabon da in fahimci mutum ba tare da ihu ba har na manta.

"Ɗiyata, wane kunne na?"

"Duka biyu, Tanti. Na hagu ya mutu tun ina ƙarama. Wanga ɗaya ya rage mini."

Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai ran nan.

Ta kai yatsa bayan kunnena, na zabura. Fuskarta ta sauya. Ta watsar da makullan a banci ta fita da gudu, tsohuwa mai jiki, takalmi ɗaya ya cire ba ta tsaya ba. Ta taga na hango ta ta tare motar likita a bakin ƙofar fita, tana buga masa gilashi da tafin hannu.

Likitan ya dawo, ransa ba daɗi, amma da ya leƙa kunnen ya daina duba agogo. Da ya ji na yi lakwal sai ya jawo karnena ya rubuta mini. Kalma ɗaya ta zauna mini har yau: tympan, wato fatar da ke cikin kunne kamar ta ganga. Ya rubuta ta huje, ciwon ya kai bakin ƙashin baya. Kwanciya yau, allurai kwana goma. In kumburin bai sauka ba sai Yamai, sai aiki. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: ba zan yi miki alkawarin ji ba. Ya tambayi me ya sa na daɗe ban zo ba. Majo ce ta ba shi amsa, ban ji me ta ce ba, na dai ga tana nuna akwatin lasifika da hannu biyu.

An duba tsohon shi ma. Da zai tafi ya tsaya gabana. Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Sai ya kwance bakin rigarsa ya ciro ɓallin cuku, busasshen nono irin na makiyaya, ya sa mini a hannu, ya nuna kunnensa, ya nuna nawa, ya yi dariya har rawaninsa na girgiza. Ban san sunansa ba. Allah ya saka masa, ya yafe mini.

Kwanciyar asibiti ga wanda ba ya ji wani kurkuku ne. Mata shida muke a ɗakin, suna hira suna tafawa, ni ina kallon bakuna. In ma'aikaciya ta zo da takunkumi a fuska, to shi ke nan, sai dai in miƙa hannu a soka. Ordonasi kuwa, takardar sayen magani, kullum da sabuwa, har sai da na aika Barmu aka sayar da tunkiyar da na zo da ita gidan aure. Inna ta zo sau ɗaya da fura, ta zauna tana kallona, da za ta tafi ta kama kaina yadda Gwaggo take yi ta ce, "Don mi ba ki taɓa gaya muna ba?" Ashe Gwaggo ta faɗa mata maganar kunnen hagu.

Ran kwana na shida, ina iya tafiya, na lallaɓa zauren da allurar ruwa maƙale a hannuna. Na tarar an jawo banci ɗaya an sa shi daf da taga, yana fuskantarta. Waɗanda ke kai kowa takardarsa da jan zane, an yi surar kunne da biro. Lasifika tana nan tana aikinta don masu ido da haƙori. Amma in lambar mai kunne ta zo, sai Majo ta rubuta ta da alli a ƙaramin allon ƴan lakwal ta ɗaga sama. In mutum bai san lamba ba, sai ta bar na'urar ta zagayo ta dafa shi.

Da ta gan ni ta jawo ni gefe, ta juyo da fuskarta wajen haske.

"Allon jikata na, na ƙwace. Mun yi taro, na ce musu: kun tara kurame wuri guda kun sa musu lasifika, wa ya taɓa ganin haka?"

"Ba su yi miki faɗa ba, Tanti?"

"Sun ce doka ta hana in bar taga. Na ce to doka ta zo ta dafa su." Ta yi dariya, sai kuma ta daina. "Amma ni ma da laihina. Ni na ba ki lamba har sau biyu ban dubi huskarki ba. Tun ina budurwa kunnuwan mutane nike kallo, sunka ce in kalli gilashi, ni kuma don tsoron kada a ce tsohuwa ta kasa, na kalle shi har na mance da ku."

Ta ce saurayin mai farar riga, wanda na ƙullata a raina, shi ya sayo allin da kuɗinsa, kuma ya ƙara wani gurbi cikin ordinater inda ake sa alamar wanda ba ya ji. An kuma yarda mai ciwon kunne ya shigo da ɗan rakiya ɗaya. Ta ce na'urar ba duka ce sharri ba: da can in karnenka ya ɓace tarihinka ya ɓace, kuma ɗan wane ya daina tsallake layi. Ina sauraronta da ido, ina godiya, amma a raina ina cewa sati biyun da aka ci mini fa, wa zai mayar?

Don haka nake rubuta wannan. Ƴar'uwa, kada ki sa komi a kunnenki, ko gashin kaza ko albasa. In kin je asibiti kin tarar an sauya tsari, kada ki ɗauka wanda ya tsara ya tuna da irinki. Ki faɗa tun a taga, da ƙarfi: ba na ji. Kuma kada ki gyaɗa kai ga abin da ba ki ji ba. Har yau in na ga an ɗaga kai gaba ɗaya a wuri, sai in waiwaya ina neman akwatin lasifika.

Kumburin ya fara sauka ran kwana na takwas. An sallame ni da magani, aka hana ruwa taɓa kunnen, aka ce in dawo bayan sati uku. Cikin sati ukun nan wata safiya na ji wani ƙwas-ƙwas can nesa, na fito na ga Gwaggo tana kankare tukunya. Ban gaya mata ba, don kada in sa rai.

Ranar komawa, Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Majo ta ɗaga allo da lamba bakwai, ta kuma zagayo ta dafa ni duk da ta ga na miƙe. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki aka ɗora mini abin saurare a kai, in na ji ƙara in ɗaga hannu. Na ɗaga, na ɗaga, wani lokaci ban tabbata ba ko ji na yi ko so nake in ji. Daga nan likita ya daɗe yana leƙen kunnen, ya danna ƙashin baya, bai yi zafi ba. Ya zauna. Na kafa wa bakinsa ido kamar yadda na saba, sai ya ɗauki karnena ya kare bakin da shi.

"Balkisa, me kika karya da shi yau?"

"Kunu da ƙosai," na ce.

Sai da na faɗa na gane abin da ya faru. Bai sauke karnen ba, ya ci gaba daga bayansa, a hankali, ba ihu.

"Ƙashi ya tsira. Tympan yana rufewa da kansa. Babu zuwa Yamai. Ba zai koma kamar da ba ɗari bisa ɗari, amma kunnen nan naki ne, ba inda za shi."

Ban san na yi godiya ko ban yi ba. Na fito, ban bi ta ƙofar da Gwaggo take jira ba, na zagaya baya gindin bedi, gaban tsohon ɗakin da ke kulle. Na zauna kan dakali na ciro wayar. Saƙonnin suna nan jere. Na rasa ta inda zan fara, sai na danna na jiya, na kara a kunnen dama. Da farko hayaniyar motocin Abijan, sai tari, sai shi, kusa, kamar ya zagayo ta damana.

"Balki, ni ne. Ban sani ba ko kina jin wanga. In ba ki ji ma ba komi, ki aje shi. Ni dai in la'asar ta yi ban yi miki magana ba, sai in ji kamar ban yi salla ba."

Na danna wurin amsa, na riƙe.

"Na ji," na ce. "Yau na ji."